Jinin Shanun Hamma

Halidu ya yi shekara ashirin da shida yana yi wa dabbobi allura a Dakoro da ƙauyukanta. Karatunsa bai wuce kwaleji ba, amma in ya dubi saniya sai ya faɗi ciwonta tun mai ita bai gama gaisuwa ba. Ba shi da yawan magana, sai in an taɓo shanun Hamma.

Hamma tsohon makiyayi ne a Tagriss. Duk bazara, lokacin da nonon shanun kowa ke ƙafewa, nasa suna cika ƙwarya. Halidu ya sha faɗa wa manyan da ke zuwa daga Yamai, su ce "madalla", su shige mota.

Sai da Lalla ta zo aka saurare shi. Ɗaliba ce mai bincike a jami'a, ɗiyar makiyaya. Ta ce masa a jikin kowace saniya akwai ƙwayoyin gado, wasu na farkawa su kama aiki in zafi ya tsananta, wasu na barci, kuma jini na nuna waɗanda suka farka. Suka ɗebi jinin shanu ashirin-ashirin daga garke uku: na Hamma, da wani a Kornaka, da wani a Adjekoria. Halidu da hannunsa ya jera kwalaben cikin ƙanƙara.

A hanyar Maradi motar ta lalace, suka yini a rana. Ƙanƙarar akwatin da ke sama ta narke, ga shi kuwa na Hamma ne. Kwalba huɗu kawai suka tsira.

Bayan wata bakwai Lalla ta dawo, ta buɗe masa ordinatar, wato kwamfuta, ga ɗigo-ɗigo layi uku, kowane garke da nasa.

"Baba Halidu, lissafin yana auna abu biyu: bambancin da ke tsakanin garke da garke, da wanda ke tsakanin shanun garke guda. In na farkon bai rinjayi na biyun sosai ba, ba ni da bakin cewa garken Hamma daban yake."

"To, ya rinjaya?"

"Cikin huɗun Hamma, uku sun hau sama, ɗaya ta yi ƙasa. Da huɗu kaɗai, ana iya cewa dace ne."

"Ɗiyata, shekara ashirin ina gani da idona."

"Na yarda da kai, wallahi. Lissafin ne bai da ido. A samo mini ashirin kafin bazara ta wuce."

Washegari ya hau babur zuwa Tagriss. Ya tarar Hamma ya rasu tun kaka, an raba garken tsakanin magada tara. Wasu sun yi arewa da nasu, wasu sun kai kasuwa. Kwana goma sha ɗaya yana bin rijiyoyi da rugage yana tambaya, ya samo shanu biyu, ɗayar ma tsohuwa ce da ta daina haihuwa.

Ya kira Lalla daga bakin rijiyar da ya same su, ya faɗa mata. Ta ce lokacin bincikenta zai ƙare a watan gobe, za ta rubuta cewa ba a tabbatar da bambanci ba.

"Haka za a karanta?"

"Haka, Baba."

Mai shanun, ƙaramin ɗan Hamma, magidanci, ya gaji da riƙon igiya, ya ce ko za a ɗebi jinin ne. Halidu ya dubi allurar da ya riga ya fito da ita, ya ce a sake su su sha ruwa.