Dattijo Mai Farar Shadda da Karen Kwata

Sa'ida tana tsaye a bakin titin Gwale tana jiran adaidaita, sai ga wani dattijo da ba ta taɓa gani ba. Farar shadda ce a jikinsa, ta sha bugu, gemunsa fari fat, carbi a hannu, ƙanshin turarensa ya riga shi isowa. Ranar Juma'a ce, kowa yana saurin zuwa masallaci. Shi kuwa sai ya ja ya tsaya a bakin kwata, inda wani kare da mota ta buge yake kwance yana nishi, ƙudaje sun yanyame shi.

Ya zura carbin a aljihu, ya tsuguna. Ya zaro hankici ya ɗaure bakin karen a hankali, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin jika. Sannan ya tuɓe babbar rigar, ya naɗe shi a ciki, ya rungume.

Sa'ida ta dafe ƙirji. Kare! A cikin gari, ranar Juma'a! Amma ɗaurin nan ba na ɗan koyo ba ne, bayan hannunsa kuma duk tsofaffin tabon cizo ne. Ko wane gida ne yake karɓar irin waɗannan baƙin? Ko me maƙwabta suke faɗa wa iyalinsa?

"Subhanallahi! Baba, najasa ce fa!" in ji wani mai sayar da rake. "Ga shi an kusa tayar da salla."

Dattijon ya miƙe, jini yana ratsa shaddar.

"Riga tana wankuwa, ɗana. Wannan in ya mutu muna kallo, da wane ruwa za mu wanke?"