Saƙon Sa'idu Zuwa Madina

Mun tashi da asuba daga Makka, kwanaki kaɗan bayan saukowa daga Arfa, cikin wata doguwar bas da rabin tagoginta ba sa rufuwa. Abokan tafiyata ziyara za su. Ni kuwa bayan ziyara, saƙon mamaci na ɗauko.

Hanyar ba ta da abin kallo sai baƙaƙen duwatsu. A wani zango muka ci burodi mai faɗin faifai da dafaffen wake, aka kawo shayi a ɗan kofin da kurɓa biyu ke ƙarar da shi, har wani dattijonmu ya tambaya ko ɗanɗano ne aka ba mu. Na yi dariya, amma hankalina yana kan Sa'idu.

Tare muka yi yaƙin basasa, ina kofur, shi yana ɗaukar mana akwatin harsashi. Bai kai ashirin ba. A hannun kawunsa ya tashi a Gusau, don mahaifiyarsa ta bi miji ta Sudan tun yana ƙarami, ta zauna a Madina. Da ta ji yana son shiga soja ta aiko da wasiƙa ta hannun alhazai cewa ba ta yarda ba. Ya shiga duk da haka. Yaro ne marar surutu, mai raba sigarinsa ga mashaya tunda shi ba ya sha. Da damina, muna ƙetare wani kogi, aka buɗe mana wuta daga ɗaya gaɓar. Harsashi ya same shi a cikinsa. Ya daɗe bai cika ba, kuma abu ɗaya yake ta maimaitawa: in Allah ya kai ni Madina, in roƙar masa gafarar uwarsa.

Da la'asar muka wuce Bi'ir Ali muka shiga gari. Kwana biyu ina cigiya. Daga ƙarshe wani tela, Bahaushen Sudan, ya ce, "Tayyib, ya Hajji, na san ta. Inna Rabi mai tsintar dabino." Ya kwatanta mini wani lungu na gidajen kwano bayan kasuwa.

Na same ta cikin mata, suna ware dabinon Khaibar a kan tabarma. Muka gaisa. Ta san da rasuwar tuntuni, don haka ban yi kwana-kwana ba. Na ce, "Inna, Sa'idu ne ya aiko ni."

Ta kakkaɓe zanenta, ta shige ɗaki, ta saki labule. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, shekara huɗu ina ɗauke da maganar yaron nan, ita ko saurare ba za ta yi ba.

Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Alhaji, ɗan farinta ne fa. Ka kama sunansa gatsal a gaban mutane, ya kake so ta yi?"

Kunya ta kama ni. Bai taɓa gaya mini shi ne na fari ba, ni ma ban tambaya ba. Tsohuwar ta jawo tabarma dab da labulen ta ce, "Zauna. Ni za ka ba labari."

Na ba ta labarin wani yaro, ban sake ambatar suna ba. Ban rage komai ba: ba a yi masa wanka ba, da kakinsa muka rufe shi cikin taɓo, mu uku muka yi masa salla a tsaitsaye ana harbi. Sannan na faɗi roƙonsa.

Can murya ta fito daga bayan labule.

"Ya ci abinci ranar?"

Na ce ya ci garin rogo da safe.

Ta ce, "To. A gaya wa mai roƙon, bai taɓa yi mini laifi ba. Tsoro ne ya sa na hana shi. Halas, shi ke nan, na yafe duniya da lahira."

Ba ta fito ba har na tafi.

Ranar Laraba muka sauka a Kano. Tafiyar nan ta koya mini kada in auna zuciyar uwa da abin da bakinta ya faɗa. Ta ce a gaya masa, na kuwa amsa da to. Sai a jirgi na tuna ba mu sa wa kabarin alama ba, kuma kogin yana cika ya tumbatsa kowace shekara.