Yatsan Lalle a Gindin Wasiƙa

Wane bawan Allah ne ya ɗauki wasiƙata ya kai ta har ƙauyenmu? Har yau ban sani ba. Ban iya rubutu ba, maƙwabciyata ce ke rubuta muku wannan, ina faɗa ina share hawaye.

Shekarun baya, muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Arba wa Nus, ni da maigidana, ƙanwata kuma tana can ƙauyenmu a Sudan. Kunnenta ya yi nauyi, waya ba ta yi mata amfanin komai. Duk wata maigidana yakan rubuta mini wasiƙa zuwa gare ta, ni kuma in dangwala babban yatsana a lalle in buga a gindin takardar. Ita ma haka take yi. Da shi kowacce ke sanin 'yar'uwarta na raye.

Sai labari ya zo cewa an miƙa gidan waya na can ga wani kamfani. Amsa ta ɗauke. Wata ɗaya, biyu, har bakwai.

Na ce, "Malam, khalas, shi ke nan. Ɗan kasuwa zai tura mutum tafiyar yini guda saboda tsofaffi biyu?"

Ya ce, "Ai na ji an sa musu sharaɗi, Hajiya. Ko wasiƙa ɗaya ce, ko a ƙarshen duniya, sai sun kai."

"Wa ya gaya maka? Abokan shayinka?"

"Kawo yatsan dai. Ma'alish, yi haƙuri, lallen ba zai ƙare ba."

Nakan miƙa ina gunaguni. A raina kuwa tsoro ne: ko dai ba a kaiwa, ko kuma babu mai amsawar. Wata rana har na ɓoye hannuna cikin mayafi kamar yarinyar da za a yi wa allura. Ya zauna ya jira ni.

Malam yana kwance ba lafiya, sai mai shagon burodi na bakin layinmu, inda ake ajiye mana wasiƙu, ya aiko da ambulan duk ya yamutse. Malam ya buɗe, bai karanta komai ba, ya juyo mini da gindin takardar. Ga yatsanta, jajawur, ɗan karkatacce kamar kullum. Ashe gidan wayan kusa da su aka rufe, wasiƙun suka taru a gari, har wani ma'aikaci ya ɗaure su a babur ya kai duka bakwai ɗin.

Har yanzu ina aikawa, amsa na zuwa, ko da a makare. Na gode Allah. Kullum ina yi wa mai babur ɗin nan addu'a, tunda sunansa ban sani ba. Kewar Malam ce kawai ba ta raguwa.

Kwana uku bayan zuwan wasiƙar ya rasu, da hantsi. Dab da zai cika, na sunkuya ina zaton wasiyya zai yi. Sai ya ce:

"Kan sarki yana cikin gwangwanin shayi, Hajiya. Kar watan nan ya wuce ba ki buga yatsa ba."