Ɗakin Inna Bayan Gobara

Wutar ta tashi ne bayan azahar, a tsakiyar bazara, mazan unguwarmu a Gummi duk sun tafi sharar gona. Iska ce ta ɗauko garwashi daga murhun maƙwabta ta jefa a dangarmu ta kara. Kafin in iso daga shagon ɗinkina danga ta tafi, rumbu ya kama, mata na ta miƙa wa juna bokiti daga bakin rijiya.

Ɗakina na bulo da kwano ne, shi na zaci zai tsira. Sai ga kwanon ya nannaɗe, katakon rufi ya zama toka, bango ya tsage daga ƙofa har taga. In ka taɓa bulon sai ya marmashe a hannunka. Geron da bai ƙone ba hayaƙi ya shige shi. Matata ta yi fura da shi, yara suka kurɓa suka tofar.

Ɗakin Inna kaɗai ya tsaya, soron ƙasa da mahaifina ya gina mata. Baƙi kawai ya yi. Mu bakwai muka tare a ciki muna hamdala.

Bayan kwana huɗu na kira wani tsohon magini ya duba mini tsagar bangona. Bai ko kalle ta ba, ɗakin Inna ya nufa. Ya miƙa hannu ya soka wuƙa a azara, ta shige har ƙota, gawayi ya zubo mana a ka. Ya danna gindin bango, inda aka yi ta kwarara ruwa, ƙasar ta lotsa.

"Wanga ɗaki ya mutu," in ji shi. "Wuta ta cinye azara ta ciki, ruwan da kunka zuba sun kashe gindi. Damina na sauka, shi ma ya sauka."

Na kai matata da yara zauren kawuna. Inna ta ƙi.

"Ba ni hita," ta ce. "Nan na haihe ka, nan ubanka ya cika."

Na shiga neman azara. Na je har Bukkuyum a kan babur, masu sayarwa suka ce dajin da ake saro giginya yanzu ba mai shigarsa. Na dawo na tokare rufin da itacen darbejiya biyu. Na turo mata kawu, na turo liman, ba ta saurari kowa ba. Kullum idona na gabas, ɗinki ma na kasa.

Ran da hadari ya haɗo da la'asar, na durƙusa gabanta ina kuka, na ce, "Inna, ki yafe mini." Na saɓe ta a baya tana dukana da carbi, na fita da ita.

Aka yi ruwa, ɗakin bai faɗi ba. Kwana tara ba ta amsa gaisuwata ba. A ruwa na uku, da hantsi, rufin ya rufta kan gadonta. Da aka faɗa mata, sai ta ce a tono mata kwanonin aurenta. Na tono biyar, duk sun lanƙwashe. Ta karɓa ta goge su da bakin zane. A zauren kawu muka ƙare daminar, ni da ita da kowa, labule ɗaya tsakaninmu.