Takardar Ƙwai Mai Hatimi

Har yau ban manta ranar da na rubuta ƙwai a takardar magani ba. A ƙaramin asibitin En'e, wato hukumar gargajiya, da ke Bungudu ne, kafin mulkin kai. Ni ce mataimakiyar ungozoma, wato mai wanke kwano da riƙe ƙafar yara a yi musu allura. Sama da ni akwai Malam Bawa dispensa, mai ba da magani, sama da shi kuma Sista, wadda ke zuwa daga Gusau sau ɗaya a wata. Ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, da 'ya'yana huɗu, rubutuna duk a karkace.

Da bazara ƙyanda ta shiga ƙauyen Furfuri. Daga gida ɗaya aka kawo mana yara biyu, 'ya'yan wa da ƙane, Garba da Lantana, duk 'yan shekara uku. Magani ɗaya muka ba su. Lantana ta miƙe cikin mako biyu. Garba kuwa ƙyandar ta tafi ta bar shi da baƙi: yau tari, gobe zawo, jibi baki ya yi gyambo. Malam Bawa ya ba shi jan magani, ya ba shi fari, ya koma kan ja.

Da Sista ta zo ta duba shi, ta ce jiki yana da dogaransa masu korar cuta, abin da ku yanzu kuke kira garkuwar jiki, kuma dogaran yaron nan yunwa suke ji. Malam Bawa ya ce ba zai yiwu ba, gidan masu hali ne. Ta ce in je in gani.

Na tafi a ƙasa. Na tarar Garba sunan kakansa marigayi ya ci, don haka kakarsa, Inna Tumba, ta ɗauke shi tun yaye, tana kiransa Maigida. Ba ya taka tsakar gida. Abincinsa tataccen kunu da sukari, da farar shinkafa, da biskit daga kantin Gusau. A wajenta kwaɗon zogale abincin talaka ne, ƙuli yana ɓata haƙori, ƙwai kuwa yana sa yaro sata. Lantana ba wanda ya damu da ita. Na same ta bayan rumbu, ƙuli a hannu ɗaya, mangwaro a ɗayan, bakinta duk zogale.

Na faɗa wa Inna Tumba abin da Sista ta ce. Ta ce ta raini 'ya'ya tara kafin in san alif, kuma ba za ta yi wa gidansu renon ɓarawo ba.

Na ce, "Inna, ɓarawo alƙali ke ɗaure shi, ya fito ya dawo gida. Wanda zawo ya ɗauka ba ya dawowa."

Ta ce in gaida mutanen Bungudu.

Washegari na ɗauki takardar magani na rubuta: ƙwai ɗaya da safe, ƙuli dakakke cikin kunu da rana, zogale cokali uku, hanta ranar kasuwa. Na kai wa Malam Bawa ya buga hatimi. Ya karanta sau biyu, ya ce shi ba a koya masa rubuta miya ba. Na ce to ya je Furfuri da jan maganinsa ya yi wa tsohuwa bayani. Ya buga.

Na koma na miƙa mata. Ba ta karatu, amma ta san hatimin En'e. Ta juya takardar, ta tambaya ko kafin abinci ake sha ko bayan abinci. Na ce kafin. Ta ninke ta, ta sa cikin tasa, ta aika a kamo mata kaza mai ƙwai.

Kafin ruwan farko ya sauka zawo ya tsaya, bakin ya warke. Damina na tsakiya sai ga Inna Tumba da Garba, yana tafiya da ƙafarsa. Ta yaba wa Malam Bawa ƙwarai, ta ce hannunsa da albarka. Ni ba ta dube ni ba. Sai da za ta fita ta tambaye ni yaushe za a tsayar da maganin. Na ce sai ya yi aure.

Ku da ke aikin nan yanzu, in yaro ya dawo muku sau uku, ku ajiye kwalba ku tambayi abin da yake ci. Ku fara da ɗan gata. Mutanenmu kuwa, abin da kuka faɗa da baki shawara ce, ana iya ƙi. In kuna son a bi, ku rubuta.