Malam Isyaku da Madubin Mai Aski

Bari in fara da laifina: ni mutum ne mai sayen kaya don girmansu. Haka na sayi eriyar shagona na intanet a Gyadi-Gyadi, doguwa fara sol, don mai sayarwa ya rantse tana kamo sigina ta kowace kusurwa. Ta kamo komai kuwa, ban da abin da muke nema.

Malam Isyaku mai ɗaura eriya, wanda gwiwa ta sauko da shi daga hawan ƙarfe a watan nan, ba haka yake ba. Shekara da shekaru, daga asuba sai shayi, sai ya ɗaure igiya da sufana a bayan babur, ya bi Tarauni da Hotoro kai a sama. Jama'a na kallon fastocin 'yan takara, shi yana kallon rufin gidaje.

A wata damina, sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, wani sabon kansila ya ɗora bene tsakanin shagona da dogon ƙarfen Tarauni da ke ba mu intanet. Sigina ta mutu murus. Ranar kuma ita ce ta ƙarshe ta rajistar jarrabawar Basira, wata ɗalibar aikin jinya da ta zo shagona aika fom ɗinta. Ƙarfe huɗu za a rufe. In ta wuce, sai baɗi.

"Baba, biyu fa ta gota," in ji ta.

Isyaku ya iso, ya ɗaga kai ya dubi eriyata.

"Alhaji, wannan taka 'yar gulma ce. Kowa take saurare, ba ta jin kowa."

Ya kwanto wata eriya daga bayan babur, mai kama da kwandon waya. Ya ce wannan nisan ji gare ta, amma ido ɗaya. In ta kauce da faɗin yatsa, shi ke nan.

"Babu wadda ta fi ta girma?" Halina ya motsa.

"Akwai. Ita idonta ya fi ƙunci. Iska ta taɓa ta, ka dawo nemana."

Ya haɗa bututu biyu don ta leƙa ta saman benen, ya hau. Daga can sama ya hanga. Kamfanonin waya sun kakkafa nasu ƙarafan a Tarauni, uku a jere, kamarsu ɗaya. Bai san wanne ne namu ba. Hadari kuma ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas.

Sai ya ƙwala daga sama: "A ce wa Inuwa mai aski ya ɗauki madubinsa, ya je gindin ƙarfenmu, mai sunan kamfanin intanet a jiki, ya hasko ni!"

"Madubin nan ya girme ka, Isyaku!" in ji Inuwa. "In ya fashe, sanƙon Alhaji zan jingina a shago!" Amma ya ciro shi, ya haye acaɓa ya rungume shi kamar jariri.

Uku da kwata. Rana na shiga gajimare tana fita. Aka yi tsawa ta farko, Isyaku kuma yana rungume da ƙarfe.

"Malam Isyaku, sauko! Na haƙura!" Basira ta fito tana kuka.

"Koma kujerarki, 'yata."

Gudummawata ita ce salati daga bakin ƙofa, ta ciki.

Sai ga walƙiya ƙarama daga Tarauni, ba ta sama ba, ta madubi, a gindin ƙarfen tsakiya. Sau biyu ta ƙifta, rana ta ɓace. Isyaku ya juya kwandon wajen a hankali, yana tambaya, ina karanto masa lambar sigina daga kwamfuta da ihu, har na ce ta cika. Ya ɗaure kusoshi ruwa na dukan bayansa. Huɗu saura minti tara fom ɗin Basira ya tafi.

Malam Isyaku, kai ne ka san cewa ba girman kaya ke aiki ba, saiti ne. Na sama, ba ka saukowa sai ta kama. Malaman jinya nawa, ɗalibai nawa suka aika takardunsu ta ƙarfen da ka ɗaure, ba su ko san sunanka ba? Mun gode. Allah Ya ba gwiwa lafiya, Ya saka da alheri. Masu sana'ar yanzu kuma, ku riƙa duba wuri kafin ku zaɓi kaya, ku riƙa gaya wa irina gaskiya ko da sun ɓata rai.

Washegari aka ƙara wa'adin rajistar da mako biyu.