Mangwaron da Yaya Asabe ta hana a sare

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita aiki da safen nan aka bugo mini waya daga Rogo: Yaya Asabe ta rasu.

Na yi kuka, amma wallahi da na tuna ta sai dariya ta ƙwace mini.

Tare muka koyar a firamare a ƙarshen shekarun tamanin. Na zo daga Karaye ban san kowa ba, ita ta ba ni ɗaki a gidanta. Da ta gano ina son ƙanzo, kullum sai ta ajiye mini.

A bayan gidan akwai ɗan lambu, da geron iri, da ƙaramin mangwaro da ta dasa da hannunta. Wata shekara tsuntsaye suka far wa geron. Maigidanta, Malam Idi, ya ɗauko gatari, wai a kan mangwaron ɓarayin ke kwana.

Ta sha gabansa, ludayi a hannu. "Malam, ka taɓa duban fuskarsu kuwa? Zauna tukuna."

Ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura, ta zaunar da mu kamar 'yan aji ɗaya.

"Na kan bishiyar nan gwara ne. Dubi kansu toka-toka, bakin baƙi, bibbiyu suke yawo, tsintar tsakar gida suke yi. Masu cin geronka jan-baki ne, daga fadama suke tasowa, kuma ba sa zuwa sai a taro."

Ni dai a lokacin duk ƙananan tsuntsaye ɗaya ne a idona. Muna nan zaune sai ga jan-baki duhu guda, suka sauka kan geron, baki jawur. Gwaran ko kallon geron ba su yi ba.

Malam Idi ya dubi gatarin ya ce, "Da ma wurin maƙeri zan kai shi."

Ranar har da hawaye muka yi dariya.

Zuwana na ƙarshe, bayan Sallah, idonta ya yi rauni. Muna zaune a gindin mangwaron, tsuntsaye na ta kuka a kansa, ta ɗaga yatsa. "Ladidi, ji 'yan gidana. Har yanzu ba ki iya bambance su ba, ko?"

Na ce na iya. Ta ce, "Ƙarya kike."

Ɗazu na tambayi ɗanta inda za a yi zaman gaisuwa. Ya ce a gindin mangwaro, inuwarsa za ta ɗauki kowa.

Allah Ya jiƙan Yaya Asabe, Ya sa ta a inuwar da ta fi wannan sanyi. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa ta cikin addu'arsa.